Shekarun da Inna Ta Daina Gane Mu

Inna ta yi shekaru tana tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa a gidanmu na Garwa. Duk unguwar an san hannunta, in ta ɗora kasko tun daga bakin layi ake jin ƙamshi. Mace ce mai tsari, ko allura aka ɗauke daga inda ta ajiye sai ta sani. Shi ya sa ranar da na tarar da takalminta a cikin randar ruwan sha na tsaya ina kallo, na rasa abin cewa. Da na nuna mata sai ta ce ba ita ba ce, wani ne ke shigo mata gida. Na yi dariya, na zubar da ruwan, na wanke randar.

Lokacin ni da ita ne kawai a gidan. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Ni kuma na dawo gabanta bayan rasuwar mijina, ina koyarwa a wata lekkol, wato makarantar firamare, in fita da safe in dawo bayan azahar. Yayana direban tirela ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere ya kai arewa. Iyalinsa suna Ngawundere, in ya biyo ta Garwa sai ya kwana ɗaya ko biyu ya wuce.

Abin ya zo a hankali, yadda ba ka iya cewa ga ranar da ya fara. Ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Ta yi sallar azahar, ta shafa addu'a, ta miƙe ta sake tayar da wata, sannan ta tambaye ni ko an yi kira. Ta je ta tsare maƙwabciyarmu, ƙawarta tun suna amare, ta ce ta sace mata tasa, alhali tasar tana ƙarƙashin gadonta. Duk wannan muka ce tsufa ne. Amma wata ranar Asabar ina shanya sai na ji ƙauri. Na leƙa madafa, na ga man kaskon ya kama da wuta, harshenta ya kusa taɓa rufin, Inna kuwa tana tsaye dab da shi, hannuwanta a baya, tana kallo kamar wadda ake nuna wa wasa. Na fizgo ta, maƙwabciyar nan da ta zarga da sata ita ta zo da yashi ta kashe wutar. Daga ranar na ɓoye kaskon da ashana, na kuma yanke shawarar kai ta asibiti.

Mun yi zaman layi tun safe har rana ta take. Likitan matashi ne, mai haƙuri. Ya tambaye ta da Fulatanci yau wace rana ce, ta ce ai shi ne mai karatu, ya duba takarda. Ya faɗa mata sunan abubuwa uku ya ce ta riƙe, can da ya tambaya ba ta ma tuna an yi maganar ba. Sai ya nuna ni ya ce wace ce wannan. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wata baiwar Allah ce da ke taimaka mata da aiki. 

Ya juyo ya yi min bayani da Faransanci. Ya ce abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, yana cin tunanin mutum kaɗan-kaɗan, kuma ba ya komawa baya. Likitocin da suka san kan ciwon suna Yawunde, sai an shiga mota zuwa Ngawundere sannan jirgin ƙasa, kuma ko an kai ta can, abin da za su fi yi shi ne su tabbatar da sunan ciwon. Na tambaye shi to me zan yi. 

"Ki kula da ƙofa, ki kula da wuta," in ji shi. "Kuma ki samu mai karɓar ki, don ke kaɗai ba za ki iya ba."

Ya rubuta maganin hawan jini da wani na kwantar da hankali. Na biyun kwana huɗu ta sha, ya sa ta tangaɗi har ta faɗi a banɗaki ta kumbura gwiwa. Na daina ba ta. Ba wanda zan tambaya ko na yi daidai.

Mai karɓa ta da na samu ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita ma ƙafa ta fara ba ta wahala. Tana zuwa da safe ta zauna da Inna har in dawo daga lekkol.

Wata rana da la'asar ina tsefe wa Inna kai, tana zaune tsakanin ƙafafuna, sai ta fara magana. Ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba, balle Faransanci da dama ba ta iya ba. Wani yare ne da ban taɓa ji a bakinta ba, kuma muryar ta yi siriri kamar ta ƙaramar yarinya. Matajin ya faɗi daga hannuna. Na kira ta, ta waiwayo ta ci gaba da yi min magana a yaren, tana jiran amsa. Da ta ga ban amsa ba sai ta fara kuka.

Gwaggo da ta ji da kunnenta ta ce wannan ba aikin asibiti ba ne, iska ce ta shige ta, ai ga shi ba ita ke maganar ba. Ni da na yi karatu, na kuma ji bayanin likita, wallahi sai da zuciyata ta raya min ko Gwaggo ce mai gaskiya. Aka kira wani malami dattijo. Ya zauna yana karatu, Gwaggo ta kunna hayaƙi ta tura kaskon turaren gaban Inna. Inna ta rarrafa lungun ɗaki, ta rufe kanta da hannuwa tana makyarkyata. Malamin ya dakata, ya ce a fitar da hayaƙin. Ya ce shi bai ga aljani a nan ba, tsohuwa ya gani da ta tsorata, a yi mata addu'a a kuma tausaya mata. Na ji sanyi a raina. Sai dai magana ta riga ta fita. Na fara lura in na buɗe ƙofa mata na janye 'ya'yansu daga bakin gidanmu, masu gaishe ni da fara'a suka koma gaisuwa daga nesa.

Ranar da ba zan manta ba Alhamis ce, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta ta yi laushi. Na dawo daga lekkol na tarar da ƙofar gida a buɗe. Gwaggo tana barci a tabarma ƙarƙashin darbejiya, carbi a hannunta. Takalman Inna suna bakin ɗaki. Na duba ɗakin, na duba banɗaki, na duba bayan randa, har ƙarƙashin gado na leƙa kamar mai neman kaza. Ba ta nan.

Na fita ko mayafi ban gyara ba. Na bi layinmu, na bi na baya, ina tambayar masu shago da masu sayar da ruwan sanyi. A irin wannan zafin kowa yana cikin inuwa, ba wanda ya ga wucewar kowa. Zuciyata ba abin da take kawo min sai kogin Binuwai. Ruwan ya ja baya a lokacin, amma akwai ramuka masu zurfi, akwai kuma dorina. Ina tafe ina ganin zanenta yana yawo a kan ruwa. Na tare wani mai moto, wato ɗan acaɓa, na ce ya kai ni bakin kogi, na kwatanta masa ita. Ya ce bai gan ta ba, amma yanzu ya sauke wani a wata unguwa kusa da gada, ya ga mutane sun taru, wai an kama mayya za ta saci jariri. Ya faɗi hakan ne kamar mai ba da labarin kasuwa. Na ce masa can za mu.

Tun daga nesa na ji hayaniya. Na diro kafin ya gama tsayawa, na kutsa cikin mutane ina ture su. Inna tana zaune a ƙasa a gindin wata katanga. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta duk ƙura, goshinta ya fashe jini na bin gefen hancinta. Tafin ƙafafunta sun yi ja, sun tashi. Hannuwanta biyu suna naɗe a ƙirji kamar har yanzu tana rungume da wani abu, tana ta magana a yaren nan. A gefe wata matashiya tana ƙanƙame da jariri tana kuka. Daga baya na ji yadda aka yi: Inna ta ga ƙofa a buɗe ta shiga, ta tarar da jaririn a kan tabarma uwar tana wanka, ta ɗauke shi ta fito tana jijjiga shi.

Wasu samari suna riƙe da duwatsu. Wani yana cewa a saurari abin da take faɗa, ai tsafinta take karantawa. Na faɗa kanta na rufe ta da jikina.

"Uwata ce," na ce. "Ba ta da lafiya. Ciwon mantuwa ne."

Na faɗa da Fulatanci, na faɗa da Faransanci, na faɗa da Hausa. Wani ya ce in uwarki ce to ta faɗa da bakinta. Na riƙe fuskarta na ce, Inna, ni ce. Ta dube ni, ta ture hannuna, ta ja baya kamar ni ma cikin masu dukanta nake. Na ji taron ya ƙara matsowa. Dutse ɗaya ya same ni a kafaɗa. Na runtse ido na fara salati, don na saddaƙar a nan za a kashe mu tare.

Sai na ji wata murya daga bayan mutane tana magana da irin yaren da Inna ke yi. Inna ta ɗaga kai. Wata mata ce, ta manyanta, da tiren busasshen kifi a kanta. Ta sauke tiren, ta durƙusa gaban Inna, suka yi magana, Inna tana amsawa da sauri tana nuna hanya. Matar ta miƙe ta fuskanci taron. Ta ce wannan ba tsafi ba ne, yarensu ne na ƙauyukan wajen Figil, ita ma da shi aka haife ta. Ta ce tsohuwar cewa take yi uwarsu ta tafi gona ta bar mata ƙaninta ta goya, ta ajiye shi ta je shan ruwa, ta dawo ba ta gan shi ba, tun safe take nemansa, in uwarsu ta dawo za ta dake ta.

"Yarinya ce ƙarama a cikin kanta," in ji matar. "Wanda bai da tsohuwa a gida, ya yi jifan."

Ba a watse nan take ba. Wasu sun ci gaba da gunaguni, amma na ga duwatsun suna sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya kori samarin. Uwar jaririn ta shige gida ta rufe ƙofa, ban ga laifinta ba. Mai kifin nan ita ta taya ni ɗora Inna a moto, na zauna a baya na rungume ta, muka je wani ƙaramin asibiti aka ɗinke goshin, aka shafa wa ƙafafun magani.

Na san Baba ya auro Inna daga wajen Figil lokacin da yake fataucin yadi. Iyakar abin da na sani ke nan. Ba ta taɓa kai mu can ba, in mun tambaya sai ta ce ba kowa da ya rage. Ban taɓa sanin tana da ƙane ba, ban kuma taɓa tunanin akwai wani yare da ta riga Hausa iyawa ba.

Da Yaya ya iso bayan kwana biyu ya ga ɗinkin goshinta, ya zagaya bayan ɗaki ya yi kuka. Ya dawo da kafinta aka sa wa ƙofar gida sakata a can sama da kwaɗo. Gwaggo ta ce ba za ta ƙara iya ɗaukar amanar ba, kunya da tsoro sun hana ta. Na je wurin shugaban lekkol na nemi hutu, hutun ya ƙare na ƙara neman wani, daga nan na ajiye aikin. Yaya ya ɗauki nauyin cinmu.

Zaman da ya biyo baya ya fi ranar jifan tsawo, kuma ba mai gani. Da la'asar ta yi sai Inna ta tashi ta nufi ƙofa, ta yi ta jijjiga ta tana kira, har tafin hannunta ya yi ja. Makullin yana ɗaure a bakin zanena. In na shiga banɗaki kunnena yana waje. In na ji shiru gabana ya faɗi, in na ji motsi ma ya faɗi. Ta taɓa cusa sabulu a baki, ta taɓa taka kujera za ta haura katanga. Yaya ya ce ya ga wasu na ɗaure nasu da igiya a ƙafa, na ce ba a gidan nan ba. Amma wata rana da na kwana biyu ban yi wanka ba, na ɗaura mata zane a ƙugu na ɗaure ɗaya bakin a jikin darbejiya. Da na fito na same ta a tsaye shiru, ta ja zanen iyakar tsawonsa, tana kallon ƙofa. Na kwance ta. Ban faɗa wa kowa ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Ta fara ɓata jikinta, kuma ba ta yarda a wanke ta, don a ganinta baƙuwa ce ke son tuɓe ta. Wata safiya muna kokawa a banɗaki ta cije ni a dantse har jini ya fito. Kafin in ankara na kai wa hannunta duka. Ba mai ƙarfi ba ne, amma na ji ƙararsa. Ta sake ni, ta dunƙule, ta kare kanta da hannuwa irin yadda na same ta a gindin katangar nan. Na zauna a ƙasan banɗakin cikin ruwa. Tun daga ranar na ƙara da tsoron kaina a kan sauran tsoron. In na ji raina ya fara tafasa sai in fita tsakar gida in tsaya a rana har ya sauka.

Mai kifin nan ba ta yar da mu ba. Ta nemi gidan da kanta, kuma duk ranar da kasuwa ta tashi da wuri sai ta biyo. In ta zauna suna magana Inna takan natsu, har ta ci abinci a hannunta. Ita ta koya min 'yan kalmomi: zo, zauna, ruwa, ci, kada ki ji tsoro. Na rubuta su a bangon littafin darasi ina haddacewa kamar ɗaliba. Ta kuma ba ni shawarar in daina gaya wa Inna cewa uwarta ta mutu tun tuni, don kullum sabuwar mutuwa ce a wurinta. In ta tambaya, in ce tana gona, ta kusa dawowa. Da farko ƙaryar ta yi min nauyi, daga baya na ga da ita ake samun wanka ba kokawa.

Na roƙe ta ta tambayar min abin da ya sami yaron. Ta gwada sau da yawa, amma labarin kullum a wuri ɗaya yake tsayawa: ta ajiye shi, ta je shan ruwa, ta dawo. Yaya ma ya tsaya a Figil ya tambayi tsofaffin da ke zama kusa da inda ake lodin siminti, ba wanda ya gane gidan da yake nufi.

A damina ta biyu bayan wannan ƙafafunta suka daina ɗaukar ta. Ƙofa ta huta. Maganar ma ta ragu, har yaren nata ya koma 'yan sautuka. Bayanta ya fara gyambo, wata ma'aikaciyar jinya da ke layin bayanmu ta nuna min yadda zan riƙa juya ta, da yadda zan wanke ciwon da ruwan gishiri. Daga nan haɗiya ta gagara. In na ba ta kunu sai ya tsaya a bakinta, ko ya bi ta wata hanyar ta shaƙe, idanunta su firfito, in ɗaga ta ina bubbuga bayanta ina kiran sunan Allah. Cokali ɗaya yakan ɗauke ni lokaci mai tsawo, kuma kowane cokali ina jin kamar shi ne zai kashe ta a hannuna.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce a babban asibiti ana iya sa mata roba ta hanci, amma sai an ɗaure hannuwanta don kada ta fizge, kuma ba zai dawo da ita ba. Na kira Yaya a waya yana hanyar Marwa. Na faɗa masa abin da ta ce. Can ya ce ni ke tare da ita, abin da na gani shi ne. Na ce ba zan bari a ƙara ɗaure ta ba. Ya ce to Allah ya sa haka ne alheri. Na ci gaba da jiƙa mata leɓe da auduga, ina ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan. Har yau in na tuna wayar nan sai in tambayi kaina ko tausayinta ne ya sa na zaɓi haka, ko gajiyata.

Ta rasu wata ranar Talata da hantsi. Na juya ta, na gyara mata matashi, na ga hadari ya taso sai na fita kwashe zannuwanta daga igiya. Ban daɗe ba. Da na dawo da kayan a kafaɗa na tarar ta cika, idanunta a buɗe, fuskarta tana fuskantar bango yadda na bar ta. Na ajiye zannuwan, na rufe mata ido, na zauna a gefenta har ruwan ya sauko. Ban sani ba ko ta neme ni, ban kuma sani ba ko ta ji tsoro. Da ruwan ya tsagaita na tashi na je na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu.